Tokar Jika Mai Risho

Shekara tara muka yi da Jika mai risho a gidan haya ɗaya a Dilimi cikin garin Jos, ɗakunansa na kallon nawa, rijiya a tsakaninmu. A cikin shekarun nan ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ni kuwa ban taɓa yin mako guda cur ban ji haushinsa ba. Gara in faɗa tun yanzu, hassada nake yi masa, irin wadda take hana mutum jin daɗin tuwon gidansa. Hanya ɗaya ce tak ta riƙe tukunyar mutumin nan da iyalinsa, kuma ni na toshe ta da hannuna.

Ni tela ne, sunana Musaddiƙu, shagona yana bakin titi. Ba yabon kai ba, a farkon shekarun dubu biyu duk wanda yake son babbar riga ta zauna masa a kafaɗa a unguwarmu, wurina yake zuwa. Jika kuwa 'yar rumfar kwano gare shi kusa da tasha, yana gyaran risho, yana canza lagwani, yana liƙe fitilar da take yoyo da dalma. Abin da yake samu a mako, ni wani lokaci ɗinkin riga ɗaya ne. 'Ya'yansa shida, nawa uku. To don Allah a gaya mini dalilin da zai sa ƙamshin miya ya riƙa tasowa daga ɓangarensa yana shigowa nawa, maimakon ya tashi daga nawa ya je nasa.

Sunansa na yanka Badruddeen, amma ko matarsa Lai'atu ban taɓa jin ta ambace shi ba. Kakansa ya zo Jos daga ƙasar Bauchi zamanin haƙar kuza, ya yi leburanci a Naraguta har ƙarfinsa ya ƙare. Uban Jika ya rasu da wuri, tsohon ya ɗauki yaron, duk inda suka shiga sai ya ce wa mutane jikana ne, har sunan ya bi shi. Gadon da tsohon ya bar masa bai wuce keke baƙi mai ƙarfen tsakiya ba, sai kuma ido. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana wanke yashi don ya tsinci kuza ba ya wuce tulin shara bai waiwaya ba, kuma haka Jika ya tashi. Doguwa ce fuskarsa, maganarsa a hankali kamar ana awo, hularsa ɗaya ce tun da na san shi, kuma kullum a wanke take.

Na sha kiransa marowaci a bayan idonsa, amma na san ƙarya nake yi. Marowaci yana hana bakinsa ne, Jika kuwa gidansa ci suke yi har su ba maƙwabta. Abin da ya iya shi ne sayayya. Ba ya sayen sabulu gutsure-gutsure. Sanda guda yake saya, ya yanka da zare, ya jera a saman katanga ya yi mako uku yana bushewa, sai ka ga sabulun ya yi tauri yana wanki ba ya narkewa. Gishiri da manja watanda suke yi da masu gyaran tasha, a sayi buhu ko jarka a raba. In zai je kasuwar Farin Gada sayen albasa da attaruhu ba ya zuwa da safe lokacin da manyan motoci ke lodi dillalai na cika baki. Sai bayan la'asar, sa'ad da mai kaya ya fara kallon rana yana tunanin dakon mayarwa. Mutumin da yake gyara risho ɗin kowa, a gidansa babu risho. Murhun garin katako yake amfani da shi, ya roƙo garin a wurin masu yankan katako, ya danƙara a gwangwani da kwalba a tsakiya, ya zare kwalbar, wuta ta ci tun safe har azahar. Lokacin da kananzir ya yi wuya muna bin layi da galan, shi yana wucewa a kekensa yana yi mana sannu.

Ko ni bai ƙyale ni ba. In ya kawo ɗinkin kayan makarantar yara sai ya ce, "Tela, a bar musu ninki uku a ƙafa, yaro girma yake yi." Duk shekara Lai'atu ta warware ninki ɗaya. Wando ɗaya ya yi shekara uku, sannan ya sauka kan ƙane. Ina ji ina gani mutumin nan yana cin ribar allurata.

Ni kuma cefanena na manya ne. Telan da ake kawo wa shadda ba zai tsaya yana ja-in-ja a kan attaruhu ba. In na taso sai in tsaya wurin mai tebur a bakin layi, a ƙulla mini tumatir huɗu a leda, abin da ya faɗa shi nake bayarwa. In ciniki ya yi kyau in haɗa da tsire, in sayi sabuwar hula, ranar da babu kuma a yi miyar kuka. Matata Rabi mace ce mai haƙuri, sai dai bakinta ba ya ajiya.

"Abban Kausar, yau ma Lai'atu ta aiko da gwate. Har da koren wake a ciki."

"To ki ci mana."

"Ci zan yi. Ina dai mamaki ne, mai gyaran lagwani yana ciyar da mai ɗinkin shadda."

Wannan kwanon na Lai'atu shi ya fi komai ƙona mini rai. Kusan kowane ƙarshen mako sai ya ƙetaro rijiya, cike da kabeji da karas da dankalin turawa, yarana su yi masa rubdugu suna lasar hannu, ni kuma in ce na ƙoshi. Wallahi ban ƙoshi ba. Akwai ranar da na jira kowa ya fita tsakar gida na kai loma biyu, daɗin abin ya ƙara mini baƙin ciki. Albasa da attaruhu na san a Farin Gada yake saya, amma kabeji da karas da latas kowane mako, da wane kuɗin? Na yi zargin ko yana da wata sana'a a ɓoye. Na yi zargin ko surukai ke tallafa masa. Har zargin da ba ya faɗuwa na yi, Allah Ya yafe mini.

Ranar da na furta zargin a fili, a watan Sha'aban na shekarar dubu biyu da uku, Rabi ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Kai kaɗai ne ba ka sani ba a gidan nan. Toka ce."

"Wace toka?"

"Tokar murhu. Wadda Lai'atu take bi ɗaki-ɗaki tana kwashewa."

Lallai na san Lai'atu tana kwashe tokar duk murhun gidan, mu biyar masu haya. Na san Jika yana karɓo ta mai ƙosai da ta mai shayi da ta gidan burodin bayan layinmu. Ina ganinsa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ɗaure hanci da ƙyalle a bayan gida yana tankaɗe ta da rariyar waya, ya haɗa da kashin kajinsa, ya ɗura a buhu. Asabar da sassafe ya ɗaure buhu biyu a keke ya fita. Ni a zatona masu sabulun salo yake kai wa su ba shi na goro, kuma tankaɗen nan na ɗauke shi iyayi ne kawai irin nasa.

Rabi ta warware mini. Akwai wani manomi, Baba Dantong, yana noman rani a bakin wani tsohon kududdufin kuza a wajen Naraguta, shi da matarsa Dina. Ƙasar wurin haƙa ta gajiyar da ita, takin zamani kuma ya yi tsada, don haka masu lambu toka suke nema ido rufe. Har tokar bola suke saya a tifa, mai cike da kwalba da gwangwani, su yi kwanaki suna tsincewa. Shekara goma sha biyu da suka wuce Dantong ya kawo gyaran fitila rumfar Jika, hira ta kai su ga zancen toka, shi ke nan. Jika ya kai toka mai laushi, Dantong ya cika masa buhu da abin da dillalai suka ƙi: karas mai ƙafa biyu, kabejin da ya fashe, 'yan ƙananan dankali, tumatirin da ya nuna da yawa. Sisi ba ya shiga tsakaninsu. Da damina kuma, in babu lambu, masara ɗanya da ganye. Ko bayan rikicin da aka yi a garin, lokacin da kowa ya ja jiki ya koma cikin nasa, Asabar uku kawai Jika ya fasa zuwa.

Mai hankali da ya ji wannan labari sai ya ce madalla. Ni abin da ya fara zuwa bakina shi ne, "Wato da tokar itacen da na saya da kuɗina yake ci?"

"Tokar da kake cewa in zubar kada iska ta kai maka kan shadda?"

"Daga yau kada ki ƙara ba ta ko cokali ɗaya."

Rabi ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Hassada ga mai rabo taki ce, Abban Kausar." Na ce ta riƙe karin maganarta, tokata dai tawa ce.

Da Lai'atu ta zo da daro washegari Rabi ta ba ta haƙuri cikin kunya. Da muka haɗu da Jika a bakin rijiya ya gaishe ni kamar kullum, har ya tambaye ni jikin Kausar da take mura. Wannan ma ya ba ni haushi, na so ya nuna ya ji zafi.

Na fara tara tokata a wani tsohon daro. Mako biyu ko rabin buhu ban samu ba, don mu rabin girkinmu a risho ne. Ana cikin haka azumi ya kama, ɗinkin Sallah ya taso, shagona ya cika da ƙyallaye har suna hana ni taka keken ɗinki. A nan dabara ta zo mini, kuma a lokacin na ɗauka ko Jika bai taɓa yin irinta ba. Ƙyalle ai auduga ce, auduga kuma in ta ƙone toka ce. Na samo rabin duro na ajiye a bayan shago. Duk yamma in share shagon tas, in kwashe da abin kwasar shara in juye a ciki, in cinna ashana. Na bi shagunan teloli biyu na kusa na ce su bar mini shararsu, suna ta yi mini godiya. Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela cikin azumi ya san abin da ke ƙasa ban da ƙyalle. Allura tana karyewa sau uku sau huɗu a wuni in ana ɗinka shadda mai kauri, ka zare ka yar. Ga fil, ga guntayen rezar farke ɗinki. Na san da su sarai, ni nake yar da su. Ban dai tsaya na yi tunanin inda za su ƙare ba, hankalina yana kan buhu ya cika.

Ranar wata Laraba na cika buhu biyu. Na tare ɗan acaba, muka ɗaure su, na ɗare a kai kamar buhu na uku. Kuɗin da na biya zuwa da dawowa ya isa ya sayi kabeji kwando guda a Farin Gada, amma ai ni ba kabeji nake nema ba.

Sai da muka yi tambaya sau uku kafin mu sami lambun. Fangali ne jere-jere kore shar har bakin ruwa, injin ban-ruwa yana ta tari a gefe. Wata mace ta ɗaure zani a kan rigar sanyi tana tsugune tana cire ciyawa. Wani dattijo gajere mai furfura ya taso da fartanya a hannu, yana kallona yana kallon buhunan, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Sannu oga. Wa kake nema?"

"Baba Dantong nake nema. Toka na kawo."

"Ni ne. Amma ban san ka ba. Ba na karɓan toka a hannun wanda ban sani ba."

Da na juya a nan, da yau ba ni da labarin bayarwa. Amma na tuna kuɗin acaba, na tuna dariyar Rabi in na koma da buhuna.

"Malam Jika ne ya aiko ni," na ce. "Gidanmu ɗaya. Ni ne tela maƙwabcinsa. Ya ce ta taru da yawa, kada a jira Asabar."

Nan take fuskar dattijon ta sake. Ya ajiye fartanya ya ba ni hannu biyu.

"Kai ne tela! Yana ba ni labarinka. Ya ce duk Dilimi babu mai hannunka." Ya juya ya ɗaga murya. "Dina, tokan Jika ya zo da wuri. Gobe sai ki sa ma karas."

Ko bakin buhun bai kwance ba. Ya sa aka jingine su a gindin wata bishiya, ya ɗauko wani buhu ya shiga cika shi, yana yi yana hira. Ya ce tokar tifa sai an baza an bi ta da manjagara an tsince, amma ta Jika matarsa da hannu take ɗiba tana barbaɗawa kamar gishiri a miya, shekara goma sha biyu ko tsinke ba ta taɓa samu ba. Na ji wannan magana da kunnena. Alluran shagona suka faɗo mini a rai, na kawar da tunanin. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wai Jika yana yabon ɗinkina a bayan idona, don ko a wannan ma ya fi ni.

"Ka gaida shi," in ji Dantong da zan hau babur. "Ka ce ma Lai'atu akwai koren tattasai a ƙasa, kada ya matse."

Buhun bai je wurin Lai'atu ba. Ɗakina na shige da shi ta ƙofar baya. Rabi ta zazzage a tabarma, ta ɗaga wani karas mai ƙafa biyu ta juya shi.

"Daga ina?"

"Farin Gada. Ni ma na iya ciniki in na ga dama."

Ranar an sha ruwa da miyar da ban taɓa ganin irinta a tukunyata ba, kuma na sa aka zuba kwano guda aka ƙetara rijiya da shi. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina sakace ina jiran in ga fuskar Jika. Ya leƙo ya ce, "Tela, an gode, Allah Ya ƙara buɗi." Na kwana biyu ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga Makka.

Asabar Jika ya fita da buhunansa kamar kullum. Wajen azahar ina kan keken ɗinki ina harhaɗa wata riga sai na ga inuwa a bakin shago. Jika ne, ya jingine kekensa, buhunan toka biyu suna nan ɗaure yadda ya fita da su. Leɓensa ya bushe da azumi. Ya shigo ya zaro wata 'yar takarda a aljihu, ya warware ta a kan teburin yanka. Guntayen allura ne, wuta ta mai da su baƙi ƙirin, sun kai goma sha biyar, da rabin reza.

"Ga kayanka, Tela."

Ya turo takardar gabana, ya ci gaba.

"Matar Dantong tana asibiti. Allura ta shige mata tsakanin yatsu ta karye a ciki, ya kumbura har gwiwar hannu." Ya juya wajen ƙofa. "Kada ka bi ta Naraguta kwanan nan."

Ya fita ya tura kekensa. Ban taɓa ganin ya tura keken nan da ƙafa ba sai ranar.

Sauran labarin a bakin Rabi na riƙa jinsa, ita kuma daga Lai'atu. An yi wa Dina aiki an ciro guntun, amma yatsu biyu sun sandare. Wata biyu ba ta taɓa fartanya ba, a daidai lokacin da masu lambu ke cin kasuwar Kirsimeti. Jika ya kama kajinsa huɗu ya kai dubiya, aka karɓi gaisuwarsa, aka ce ya bar kawo toka. Rabi tana ba ni labarin tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ta kalle ni ba, ba ta kuma tambaye ni komai ba. Mun yi Sallah, na sa sabuwar shadda, naman bai yi mini ɗanɗano ba.

Sai bayan sabuwar shekara na iya tattara ƙarfin halina na koma. Na tarar da Dantong shi kaɗai yana jan tiyo, rabin fangalin sun bushe babu shuka. Ya gane ni tun daga nesa. Bai ba ni hannu ba. Na tsuguna na faɗa masa komai, cewa Jika bai aiko ni ba, bai ma san na zo ba, sharar shagona ce, buhun kayan ma ni na cinye. Na ce in akwai wanda za a hukunta ni ne, a mai da wa Jika hanyarsa.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya kashe injin.

"Ranan da Jika ya zo, yaran gidanmu sun taru a nan," ya ce. "'Yan'uwan Dina. Sun ce da gangan aka yi. Sun ce wane ne wannan tela, ina shagonshi yake. Ka san yadda gari yake. Na tambayi Jika a gaban kowa, kai ka aiko shi? Ya ce eh, shi ya aiko ka. Ya ce tokanshi ne, ya yi sauri bai tankaɗe ba, tela dako kawai ya yi. Sun san Jika, sun ci kosan Sallah a hannunshi tun suna yara. Shi ya sa suka bari."

Na ɗago na dube shi.

"To Baba, yanzu ai ka ji gaskiya."

"Na ji. Ko a ranan ma na yi shakka." Ya goge hannu a wando. "Amma duba, oga. In gaskiya ya faɗa, ya lalata hannun matana. In ƙarya ya yi, ya kalli idona ya yi mini ƙarya saboda kai. Wanne zan kai ma Dina? Kuma in na ce ma yaran nan ba Jika ba ne, gobe suna shagonka. Kana so?"

Na yi shiru. Wannan shirun shi ne amsata, kuma ya gane.

"Ka gani," ya ce. "Ka tafi gida. Dina ya ce ko tokan Dilimi zinariya ne ba zai ƙara taɓawa ba. Na riga na yi magana da mai tifa."

Ya tada injinsa.

Da na dawo na sami Jika a rumfarsa yana zura lagwani, na fara ba shi haƙuri. Ya ɗaga hannu ya ce ya wuce, Allah Ya kiyaye gaba, ya tambaye ni ko zan miƙo masa almakashi. Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan. Ya gwada wasu masu lambu biyu, amma labari ya riga shi zuwa, babu mai son tokar Jika. Lai'atu ta daina bi ɗaki-ɗaki da daro. Sabulu yana nan yana bushewa a katanga, murhun garin katako yana nan yana ci, amma dabarar sayayya ba ta haifar da kabeji inda babu kuɗinsa. Mutum takwas a kan kuɗin lagwani. Na fara ganin Jika da yamma a wurin mai tebur na bakin layi, yana tsaye yana juya tumatir uku a hannu kafin ya ce a ƙulla. In ya hango ni sai ya yi mini sallama, ni kuwa in yi kamar ana kirana a shago.

Wata ranar Asabar cikin watan Maris na yi ciniki mai kyau, na sayo nama da kayan miya na kawo gida. Rabi ta yi dage-dage. Daga ɓangaren Jika kuka ce take tafasa, ko daddawar kirki babu, kwana na huɗu ke nan a jere. Ƙaramar 'yarsa tana zaune a bakin rijiya ta juyo da fuska wajen murhunmu, uwarta ta kira ta ciki da sauri.

Rabi ta ɗauko babban kwano ta cika, ta tsamo nama ta ɗora, ta rufe. Na ɗauka Kausar za ta kira. Sai ta miƙo mini.

"Tashi ka kai musu da kanka, Abban Kausar," ta ce. "Abin da kake nema shekara tara ai ga shi ka samu. Yau miyarka ta fi tasu."